Me ya haɗa jijiyoyin jini da kansar ɓargo?

Malam, ka ce an gano kansar myeloma, wata nau'in kansar ɓargo, a jikin mahaifinku, likita ya ce ƙananan jijiyoyin jini sun yi yawa a ɓargonsa, kana tambaya ko su ne cutar. Allah ya ba shi lafiya.

Ba su ne cutar ba, masu yi mata hidima ne. Cutar tana cikin ƙwayoyin da ke haɗa wa jiki garkuwa, su ne ke hayayyafa ba kan gado. Suna fitar da sinadarin VEGF da ke sa sababbin jijiyoyi tsirowa, shi kuma ɓargo ya mayar wa ƙwayoyin da sinadarin IL-6 mai ƙara musu yawa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Yawan jijiyoyin yakan nuna cutar na ci da sauri.

Tunanin hana waɗannan jijiyoyi tsirowa ne ya sa aka gwada maganin thalidomide a jihar Arkansas ta Amurka, sakamakon ya fito a 1999. Daga baya aka gane aikinsa ya wuce hana sababbin jijiyoyi tsirowa. Maganin yana nakasa ɗan tayi, yana kuma daskarar da jini, don haka kada a sha sai da umarnin likitan jini.