Kicin ɗinmu: idli na semolina ba yis

Tambaya: Salam Anti, dan Allah wani abinci na ci gidan maƙwabciyata 'yar Indiya, fari tas kamar alkubus amma ya fi shi laushi ga ɗan tsami, ta ce da semolina ake yi kuma ba ta sa yis. Na gwada nawa ya fito tauri ko tashi bai yi ba. Ina matsalar take? Daga wata 'yar uwa a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Abin da kika ci rava idli ne, abincin kudancin Indiya. Asali da shinkafa ake idli, na semolina kuwa ana danganta shi da gidan abinci na MTR a Bangalore lokacin yaƙin duniya na biyu da shinkafa ta yi wuya.

To gaskiya semolina ita kaɗai ba ta tashi sosai ko da kin sa kindirmo, tsami kawai za ki samu. Sirrin yana wajen wani wake da suke kira urad dal, baƙi ne amma ɓararrensa fari, ana samu a shagunan 'yan Indiya. Ki jiƙa kofi 1 da hulba ƙaramin cokali awa 4 zuwa 6, ki markaɗa a blanda da ruwa kaɗan kaɗan har ya yi kumfa ya yi sulɓi, sai ki zuba semolina kofi 2 wadda kika jiƙa kika tsane, mai tsaki-tsaki fa ba mai laushin nan ta tuwo ba, ita caɓewa take. Gishiri, ki juya da hannunki, ki rufe a roba mai girma don zai kumbura.

Nan ne ake son haƙuri. Ƙananan ƙwayoyin halittar da ke jikin waken su ke kawo tsamin da iskar, kamar dai ƙullun waina, kuma ɗumi suke so. Da zafi awa 8 ya isa, kar ki bari ya wuce don tsamin zai yi yawa, amma da hunturu sai ya kai awa 12 ko fiye, ki lulluɓe robar da bargo.

In ya tashi dan Allah kar ki buga shi, juyi ɗaya a hankali. Ki shafa mai a gwangwani, ki zuba ƙullun zuwa rabin gwangwanin, sai ruwa ya tafasa ki jera a madambaci minti 10 zuwa 12. Soka tsinke, in ya fito fes ya nuna. Su 'yan Indiya da miyar sambar (miyarsu ta wake da kayan lambu) da markaɗen kwakwa suke ci, miyar taushe ma tana tafiya da shi sosai.