Yaro ya iya zuwa bayan gida da kansa, yanzu kuma yana ɓata wando

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana shekararsa 5, tun yana ɗan shekara 2 da rabi yake neman fo da kansa. Amma tun da aka sa shi lakwal, kusan kullum sai na tarar da wandonsa ya ɓaci da kashi mai ruwa-ruwa, ɗan kaɗan. In na tambaye shi sai ya ce bai ji fitarsa ba. Babansa ya dake shi har ya gaji, kakarsa ta ce ɗan kanoma ne. Na sayi maganin zawo wajen mai talla na ba shi, abin sai gaba yake. Yakan kwana 4 bai yi bayan gida na kirki ba, ranar da zai yi kuwa sai da kuka. Daga wata uwa a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, a ajiye bulala, a kuma daina ba shi maganin zawon nan tun yau. Yaron nan gaskiya yake faɗa miki, bai jin fitarsa. Yadda kika kwatanta, abin da ke damunsa taurin bayan gida ne, kuma shi ne sanadin mafi yawan yaran da suka wuce shekara 4 suna ɓata wando bayan sun riga sun iya.

Ga yadda abin yake farawa. Wata rana yaro ya yi kashi mai tauri, ya ji zafi, wataƙila har bakin duburarsa ya ɗan tsage. Ko kuma ya je lakwal ya ga salga mai duhu da faffaɗan rami, tsoro ya kama shi, ko ya ji kunyar ɗaga hannu ya ce wa madam zai fita. Sai ya matse. Ki lura da shi da kyau: za ki ga ya tsaya a kan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, ya laɓe bayan ƙofa fuska ta yi ja. Iyaye kan ɗauka nishi yake, alhali riƙewa yake. Kashin da aka riƙe kuwa hanji na ci gaba da tsotse ruwansa, yana ƙara bushewa da girma, fitarsa ta fi ta jiya zafi, yaro ya ƙara matsewa.

In aka ɗauki watanni a haka, ƙarshen hanji yakan buɗe ya saki, kamar robar wandon da aka daɗe ana ja. Daga nan ba ya ƙara sanar da yaro cewa ya cika. Sabon kashi mai laushi da ke gangarowa daga sama sai ya ratsa ta gefen dunƙulen ya zubo. Shi ne kike gani kina cewa zawo. Maganin tsayar da zawo rage motsin hanji yake yi, kin ga ke nan ƙara toshe hanyar ya yi.

Ki kai shi likita a taɓa cikinsa, a auna nauyinsa. Aikin farko shi ne a fitar da abin da ya taru. Maganin da muka fi amfani da shi shi ne makrogol, garin da ake kaɗawa a ruwa, a farmasi ana samunsa da sunan Forlax ko Movicol. In babu, akwai siron laktulos, wato Duphalac. Gwargwadon nauyin yaro ake rubuta shi, saboda haka kada a ari takardar ɗan maƙwabta. Wankin cikin kan ɗauki kwana 3 zuwa 6, kuma a kwanakin ɓacin wando yakan ƙaru kafin ya ragu. Ki shirya wa hakan, in da hali a fara ranar da ba lakwal.

Inda iyaye suka fi tuntuɓe shi ne bayan wannan. Da sun ga mako 2 wando tsaf, sai su ce an warke, su ajiye magani, wata guda abin ya dawo, a koma zagin yaro. Hanjin da ya saki ba ya komawa yadda yake cikin mako 2. Ana ci gaba da ƙaramin awo kullum aƙalla wata 2, sau da yawa wata 6 ko fiye, sannan a janye a hankali bisa shawarar likita. Abin da ake nema shi ne kashi mai laushi kullum ko bayan kwana ɗaya, ba nishi ba kuka. Wannan magani ruwa kawai yake riƙewa cikin kashi, ba ya kashe hanji, kada wani ya tsorata ki da cewa zai saba. Ina roƙon Hajiya kaka kuma, da girmamawa, a bar filasko, jiƙon kanwa da tura sabulu a dubura. Suna murɗa ciki, suna ƙona wajen, su ƙara wa yaro tsoron da muke so mu cire.

Sai horon zama. Bayan karin kumallo da bayan tuwon dare, ya zauna minti 5 zuwa 10, domin da abinci ya shiga ciki hanji kan motsa da kansa. Tsuguno ya fi, gwiwa sama da ƙugu. In ramin salga ne ke ba shi tsoro, ki mayar masa da fo, ba abin kunya ba ne. In masai na zama ne, a sa masa ƴar kujera ya taka. Ki yaba masa don ya zauna, ko ya yi ko bai yi ba. Ranar da ya ɓata wando a wanke shi shiru, kada a nuna wa ƴan'uwansa, kada a bari a laƙaba masa suna. Babansa ma ya ji wannan bayani daga bakin likita, a tafi da shi.

Abinci na taimakawa amma shi kaɗai ba ya buɗe hanjin da ya toshe. A yawaita wake, miyar kuka da kuɓewa, kwaɗon zogale, furar gero, gwanda, mangwaro, kankana da dabino, a rage biskit, burodi da taliya. Ruwa kuwa, kin san zafin Damagaram a watan Afrilu da Mayu, yaro na wasa yana zufa ba ya tuna ƙishi. Ki sa masa gorar ruwa a jaka tare da wandon canji, ki kuma gaya wa madam ɗinsa a keɓe ta bar shi ya fita duk lokacin da ya nema.

Akwai alamun da ba a jira da su: ciki ya kumbura tam da amai, musamman kore, jini gauraye da kashi, rama, zazzaɓi da zafin fitsari, ko ƙafafu su yi rauni. Ki kuma tuna ko ya yi kashin farko cikin awa 48 da haihuwa. In ya makara, ko taurin tun yana jariri ne, ki faɗa wa likita, don akwai ciwon da ake haihuwar yaro da shi inda jijiyoyin ƙarshen hanji ba su cika ba, sai an yi aiki. Irin wannan a wuce da shi sashen yara na Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram.