Amsa kan kachallar da ta toshe hanyar ruwa a fadama

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko ku cinna wa kachallar da ta cinye muku fadama wuta, ko ku yi mata feshin maganin ciyawa. Ni manomin shinkafa ne a ƙasar Katagum, a gefen kogin Jama'are, kuma shawarata kada ku dogara da ko ɗaya.

Ƙarfin kachalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, yana cikin saiwarta da ke tafiya a kwance cikin laka, tana shaƙar iska ta karan da ya fito saman ruwa. Wuta ganye kawai take ci, bayan 'yan makonni sai sabon toho ya fito kore shar. Abin da muka ga yana kashe ta shi ne a shiga da lauje ko adda a yanke karan a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi guda, domin ruwa ya cika kututturen, saiwar ta rasa iska ta ruɓe. A yi hakan kafin ta fitar da kan nan mai kama da gero, saboda idan ya bushe iska ce ke watsa irinsa ko'ina, kuma a maimaita duk lokacin da toho ya leƙo. A kwashe abin da aka yanke zuwa tudu, masu saƙar tabarma suna so.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai an yi gayya da sanin mai unguwa, manoma da masunta da makiyaya tare. A nemi takalmin roba, domin katantanwar da ke kawo tsargiya tana zama a irin wannan ruwa.

Kachalla tana son ruwa mara zurfi da ke kwance rani da damina, shi ya sa ta mamaye yankin Haɗeja da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa. Idan kuna da halin janye ruwa da rani ƙasa ta bushe ƙayau, ku tone saiwar ku shanya ta a rana.

Feshi a cikin ruwan da shanu ke sha, masunta ke jefa koma, ba na goyon bayansa ko kaɗan. Tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa kuwa a cikin kachallar suke kwana, don haka ku fara share wadda ta fi kusa da gonakin shinkafa kafin shinkafar ta fara nuna.