Baba yana tangaɗi amma ya ƙi riƙe sanda, ya za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina yana da shekara 74, muna zaune a unguwar Zariya nan Maradi. Yana shan maganin hawan jini, kuma gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa. Tun bayan azumi yake tangaɗi in ya miƙe, har ya faɗi sau biyu, ɗaya a bakin masai, ɗaya a hanyar masallaci da asuba. Na sayo masa sanda a kasuwa, ya ce shi ba gurgu ba ne, ya jingine ta bayan ƙofa. Yanzu ya rage fita. Sanda tana da amfani da gaske, ko mu bar shi ya zauna gida ya huta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya yi miki albarka. Ƙarshen tambayarki shi ya fi tayar mini da hankali, don haka da shi zan fara: kada ku bar shi ya zauna gida da sunan hutu. A aikinmu na gashi da motsa gaɓoɓi, wannan zaman shi muka fi gani yana kwantar da tsofaffi. Mutum ya faɗi, tsoro ya shige shi, ya daina zuwa masallaci da majalisa, naman cinya ya saki, nan da ƴan watanni ko tashi daga tabarma sai an kama shi. Faɗuwa ta gaba kuma sai ta same shi ba ƙarfi, ta zo da karayar ƙugu, wadda mai irin shekarunsa ke shan wuya kafin ya sake takawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kimanin 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki.

Sanda tana da amfani ƙwarai. Abu uku ke riƙe mutum a tsaye: ido, cikin kunne, da tafin ƙafa da gaɓoɓi masu gaya wa ƙwaƙwalwa inda jiki yake. In shekaru suka ja, dukkansu sai su rage kaifi. Ki tuna lokacin da wuta ta ɗauke kina tsakiyar ɗaki, da kin kai yatsa kin taɓa bango sai ki ji kin daidaita, alhali bangon bai ɗauke miki nauyin komai ba. Haka sanda ke yi wa hannu a kowane taku, tana kawo labarin ƙasa, nan rairayi ne, nan dutse, nan gangare. Ga shi kuma tana rage wa gwiwa mai ciwo nauyi, tana ƙara wa mutum faɗin wurin tsayuwa.

Sai dai ki fara kai shi a duba shi. Tangaɗi a lokacin miƙewa ga mai shan maganin hawan jini yana sa ni zargin jininsa na sauka in ya tashi tsaye. A asibiti ko CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, mafi kusa ki roƙa a auna hawan jininsa yana kwance, sannan a sake bayan ya miƙe da minti 1 da kuma minti 3. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, likita zai gyara maganin. Kada ku dakatar da shi da kanku. A auna sukari, domin ciwon sukari yana kashe jin tafin ƙafa, mutum ya riƙa ji kamar auduga yake takawa. A duba ido ko akwai yana. In kuwa wata rana kuka ga baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya saki farat ɗaya, asibiti za ku nufa nan take.

Yanzu ga sandar kanta. Yawancin waɗanda ake sayowa a kasuwa sun yi wa mai su tsawo, shi ya sa kafaɗa ke ɗagewa, mutum ya gaji ya yar. Ki sa Baba ya tsaya da takalmin da ya saba fita da shi, ya saki hannuwansa. Mariƙin sandar ya zo daidai layin wuyan hannunsa, inda agogo ke zama. In ya riƙe, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa kaɗan, kimanin digiri 20 zuwa 30. Ta ƙarfe mai ramuka ana rage ta da danna maɓalli, ta icce kuma kafinta ya yanke daga ƙasa. Dogon gora irin na makiyaya ba ya wannan aikin, domin ba a iya dora nauyi a kansa ta tafin hannu. A nemi mai mariƙi a kwance ko kwagiri.

Ga inda kusan kowa ke kuskure. Tunda gwiwar dama ce ke ciwo, a hannun hagu zai riƙe. Na san zai ce an juya masa lissafi, amma ki kalli yadda lafiyayye ke tafiya: ƙafar dama da hannun hagu tare suke gaba. Sanda da ƙafa mai ciwo su fita tare, su sauka tare, sannan mai lafiya ta biyo. Wajen hawa dakali ko matakalar masallaci, ƙafa mai lafiya ce gaba. Wajen sauka, sanda ta fara, mai ciwo ta bi, mai lafiya a ƙarshe. Kuma kada ya ja jikinsa da sanda in zai tashi daga kujera. Ya dafa kujerar ya miƙe, ya ɗan tsaya juwa ta wuce, sannan ya taka.

Mutane na son sanda mai ƙafa huɗu don ganin ta fi ƙarfi. A kan siminti haka ne. A lungunanmu na Maradi kuwa, inda rairayi ne da ramukan da ruwan damina ya ci, ƙafafun huɗu ba sa zama daidai, sai ta yi ta rawa. Ga Baba mai ƙafa ɗaya ta fi, da roba mai faɗi a gindinta. Ki riƙa juya ta kina duba robar, in zanen ya cinye ta yi sumul, a canza, don a wurin alwala mai jiƙe santsi take. In kuma kin ga ko da sanda sai ya dafa bango da ɗaya hannun, to ya wuce sanda, keken dogarawa da ake riƙewa da hannu biyu yake bukata.

Maganar kunya kuwa, kada ki yi gardama da shi. Dattijon da ya riƙe gida shekara da shekaru ba ya son ɗiyarsa ta nuna masa ya gaza. Ki nemi amininsa na majalisa ko liman ya yi masa maganar. Liman da sanda yake hawa mumbari ranar Juma'a, sarki ma da sandar girma ake naɗa shi, kuma a Suratu Ɗaha Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya ce yana dogara a kan tasa. Ki bar shi ya zaɓi wadda ta yi masa kyau a ido. Na sha ganin tsoho ya ƙi ta asibiti, ya rungumi ta icce mai sassaƙa.

Wurare biyun da ya faɗi, ku gyara su a makon nan. A kafa ƙarfen dafawa a bangon masai, a samar masa kujera mai rami don ya huta da tsuguno, a sa fitila a hanya. Silifa sakakkiya a ajiye ta, ya sa takalmi mai kama dunduniya. Da asuba jika ɗaya ya riƙa raka shi da tocila, yana tafiya ta gefen dama, ɗan baya kaɗan. Kullum safe da yamma ya tashi ya zauna a kujera sau 10 a hankali, wani na tsaye kusa, don cinya ta dawo da ƙarfi. Sandar kuma ki ɗauko ta daga bayan ƙofa ki jingine ta a gefen gadonsa, inda hannunsa zai kai gare ta cikin duhu in fitsari ya tashe shi.