Hukuncin Raɗa wa 'Ya Mace Suna Thalia

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da maigidana muna zaune a Ingila, ina da cikin wata takwas, kuma an shaida mana mace ce. Na ga wani suna, Thalia, an rubuta cewa daga harshen Girkanci yake, ma'anarsa wadda take toho da bunƙasa kamar fure. Ya kwanta mini a rai domin ban san kowa mai shi ba. Maigidana bai hana ba, amma wani ɗan'uwansa ya ce haramun ne saka duk sunan da ba na Larabci ba, wata ƙawata kuma ta ce ai Larabci ne ma, yana nufin mai karatun Alƙur'ani. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa a kan Musulunci.

Abin da kika karanta game da ma'anar sunan gaskiya ne, sai dai bai cika ba. Thalia ya samo asali daga wata kalmar aiki ta tsohon Girkanci mai nufin toho, yabanya da yalwa, kuma babu aibi a cikin wannan ma'ana. Amma sunan bai shahara a duniya saboda fure ba. Mawaƙin Girkawa Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya lissafa wasu alloli mata tara da suke riya cewa 'ya'yan babban abin bautarsu Zeus ne, kowace da fannin fasahar da daga baya aka jingina mata, kuma Thalia ita ce aka bai wa wasan barkwanci da waƙoƙin makiyaya. A gumakanta ana sassaƙa ta riƙe da fuskar dariya a hannu ɗaya, da sandar makiyayi a ɗayan, kuma wannan fuskar ce har gobe ake zanawa tare da fuskar kuka a matsayin tambarin gidajen wasan kwaikwayo na Turai. Akwai wata Thalia ta biyu a cikin alloli mata uku na kyau da annashuwa. Waɗannan ba tatsuniyar dare kawai ba ce a wurinsu, domin an gina wa taran wurin bauta a gindin dutsen Helikon, ukun kuma ana yi musu bauta a garin Orkomenos.

Game da yaɗuwarsa, sunan yana nan a Girka, ba kasafai ake jin sa a Ingila da Amurka ba, kuma ɗan tashin da ya yi a shekarun 1990 ya biyo bayan shaharar wata mawaƙiya kuma 'yar wasan talabijin ta ƙasar Meziko mai wannan suna.

Malamai ba su yi saɓani ba a kan haramcin sunan da ya bautar da mutum ga wanin Allah, kamar Abdul Uzza, kuma Ibnu Hazmin ya hakaito ijma'i a kai. Thalia ba ya cikin wannan babi.

Maganar ɗan'uwan maigidanki kuwa, cewa duk sunan da ba na Larabci ba haramun ne, tana bukatar a tsaya a kanta, domin ta yaɗu a bakin matasa masu kishin addini, kuma tana jawo rigima a gidajen suna ba tare da dalili ba. Haramtawa hukunci ne na Shari'a, ba a yin sa sai da nassi ko abin da yake a matsayin nassi, kuma babu aya ko hadisi ingantacce da ya shardanta Larabci a cikin suna. Ibrahim, Isma'ila, Ishaƙ, Yaƙub, Yusuf da Maryam duk ba asalin Larabci ba ne, malaman nahawu ma da kansu suna kiran su sunayen ajami. Idan ya ce ai waɗannan Annabawa ne da salihai, to sai a tambaye shi game da Mariya Alƙibɗiyya, wadda Muƙauƙis mai mulkin Misra ya aiko wa Annabi (SAW) a shekara ta 7 bayan hijira. Ta musulunta, ta haifa masa Ibrahim, kuma bai canza mata suna ba, haka ma 'yar'uwarta Sirin. Fairuz Addailami sahabi ne mai sunan Farisanci, da shi ya rayu, da shi ake ruwaito hadisinsa. Alhali kuwa Annabi (SAW) ba mai kau da kai ba ne a kan sunaye: ya mayar da sunan 'yar Umar daga Asiya mai harafin sadi, wato mai saɓo, zuwa Jamila, ya mayar da Barra zuwa Zainab, kuma waɗannan duk sunaye ne na Larabci tsantsa. Wato abin da yake dubawa ma'ana ce, ba harshe ba.

Ko Girkancin ma ba baƙo ba ne a gidajen Musulmi. Iskandar daga can yake. Masana harshe sun mayar da kalmar yaƙutu, wadda ta zo a aya ta 58 ta Suratur Rahman, zuwa asalin Girkanci, kuma babban malamin labarin ƙasa Yaƙutul Hamawi, wanda ya rasu a 626 bayan hijira, da ita ake kiransa. Narjis, sunan furen da Musulmi da yawa ke saka wa 'ya'yansu mata, shi ma tushensa can ne. Mu nan ƙasar Hausa kuma iyayenmu da malamanmu sun rayu da Ladi, Talatu, Asabe, Kande, Delu da Tanko, ba mu ji wani daga cikin malaman da suka gabata ya ce masu amsa su suna cikin saɓo ba. Hujjar da masu tsanantawa suke riƙewa ita ce hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito mai cewa wanda ya kamantu da wasu mutane yana cikinsu. Hadisin abin aiki da shi ne, amma muhallinsa abin da ya keɓanta da wani addini har ya zama alamarsa, kamar sunan da duk wanda ya ji shi zai yanke cewa mai shi ba Musulmi ba ne. Faɗaɗa shi ya haɗiye kowane suna na ajami zai mayar da ɗimbin Musulmin Turkiyya, Farisa, Indonesiya da Afirka masu laifi, kuma babu malamin da zai iya tsayawa a kan haka. Larabci ya fi, wannan ba a musu, amma barin abin da ya fi ba haramun ba ne.

Saura batun gunki, kuma a nan ma akwai rarrabewa. Sunan da ba shi da wani amfani sai ga abin bauta, irin su Lata, Manata, Atina ko Afrodita, bai halatta Musulmi ya saka wa 'yarsa ba, ko da a yau babu mai yi musu sujada, domin saka suna girmamawa ne. Amma kalmar da take da ma'anarta a harshe, mutane suna amsa ta, sannan aka samu wani gunki mai irinta, hukuncinta ya fi sauƙi. Na'ila sunan ɗaya ne daga cikin gumaka biyu na Makka, Isafu da Na'ila, amma matar Sayyidina Usman, wadda ta sa hannu ta kare shi ranar da aka kashe shi a shekara ta 35 har aka yanke mata yatsu, sunanta Na'ila, kuma sahabbai ba su nemi ta canza ba. Thalia yana tsakanin waɗannan biyun. Asalinsa kalma ce mai kyau, amma duk wanda ya bincika shi a yau abin da zai fara cin karo da shi hoton gunki ne, kuma 'yarki da kanta za ta bincika wata rana. Saboda haka ban ce haramun ne ba, kuma wanda ya riga ya saka cikin rashin sani ba a tilasta masa canzawa, amma ina ganin makaruhi ne ga wanda ya sani, ke kuma yanzu kin sani.

Maganar ƙawarki ta haɗa sunaye biyu daban. Akwai kalmar Larabci taliya, mai karantawa ko mai biyowa, wadda jam'inta ya zo a aya ta 3 ta Suratus Saffat. Kama ce ta sauti kawai, babu dangantaka tsakaninsu, kuma ba a halatta suna ta hanyar neman masa wata kalmar Larabci da ta yi kama da shi bayan an riga an ɗauko shi daga wani wuri.

Yanzu ga abin da na fi so ki saurara, 'yar'uwa, domin shi ne ya fi nauyi a wurina, kuma ina jin bai faɗo miki ba saboda a rubuce kika ga sunan. Harshenmu ba shi da sautin da ke farkon Thalia. Ranar da kuka kawo yarinyar gida, kakarta za ta ɗauke ta, ta tambayi sunanta, abin da zai fito daga bakinta shi ne Taliya. Kin san abin da Bahaushe yake kira taliya. Ki ɗauka 'yar shekara bakwai ce a ajin Islamiyya, malami yana kiran sunaye, yara suna ƙunshe dariya, a tashi a bi ta da taliya da manja har ƙofar gida. Yara ba sa tambayar asalin kalma a Girkanci ko a Larabci. Malamai sun karhanta sunan da zai jawo wa mai shi izgili, domin kyautata suna haƙƙin ɗa ne a kan iyayensa, kuma haƙƙi ne da ake yanke masa tun bai iya cewa komai ba, ya ɗauke shi har kabari. Wannan illar ta shafi har Taliya na Larabcin: halal ne a Alƙahira ko Amman, amma ba zan ba Bahaushiya shawarar saka shi ba. Kada kuma zaman Ingila ya sa ki ce ai ba a can za ta tashi ba, domin dangin uwa da na uba duk Hausawa ne, kuma ba ki san inda Allah zai kai aurenta ba.

Son sunan da ba kowa ke da shi ba ba laifi ba ne, amma ki binciki zuciyarki, kada ya zama gudun kama da mutanen gida ne. Idan ma'anar toho da fure ce ta burge ki, akwai Zahra'u, laƙabin Nana Faɗima, akwai Raihanatu. Idan kuma ƙarancinsa ne, Nadira mai harafin dali ma'anarsa ke nan, wadda ba kasafai ake samun irinta ba, kuma Bature da Bahaushe duk za su furta shi ba tare da wahala ba. Kada ki yi dabarar saka sunan yanka na Musulunci sannan a riƙa kiranta Thalia a gida, domin kin san a al'adarmu laƙabi ne yake bin mutum, sunan yanka ya tsaya a takarda.

Ki zauna da maigidanki ku yanke tare, domin idan aka yi saɓani haƙƙin raɗa suna nasa ne, kuma yana da kyau ku sanar da iyayenku kafin ranar suna. Ɗan'uwansa kuwa kada a mayar da shi abokin gaba a kan wannan, kishi ne ya sa shi magana, sai dai a nuna masa cikin ladabi cewa kalmar haramun ba a sakinta sai da dalili.

Wallahu a'alamu.