Fitilar mai tana kamawa idan injin jirgin ya yi zafi

Malam, ka ce ƙaramin injin dizal na jirgin ruwanka mai filafilai yana kunna fitilar gargaɗin baƙin mai da zarar ya ɗumama. Kashe shi tukuna. Bari man ya kwanta, jirgin yana zaune daidai, sannan ka zaro geji, sandar auna man. Idan man ya ƙaru kuma yana warin dizal, dizal ke zuba cikinsa. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ne.

Nawa ya taɓa yin haka, ashe sansa ce ta mutu, wato na'urar da ke kunna fitilar idan matsin mai ya yi ƙasa. Cire ta, ka ɗaura agogon gwajin matsin mai, mai allura, a wurinta. Kar ka zuba mai mai kauri don fitilar ta mutu, ɓoye cutar kawai za ka yi. Idan agogon ma ya nuna ƙasa, mai yiwuwa famfon baƙin mai ko boris ne, nemo makanike.