Mil a Turkanci: amsa ga ƙanenmu da ƙamus ya ruɗa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da dare, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce an ba ka wani rubutun Ingilishi ka mayar da shi Turkanci, ka ci karo da kalmar mile, ƙamus ya ba ka mil, amma a ƙarƙashinta ka ga ana zancen ƙarfe da laka, har ka fara zargin ko ƙamus ɗin ne bai da lafiya. Kana son sanin ma'anoninta, da asalinta, da abin da Turkawa suke cewa. To ƙamus ɗinka lafiyarsa ƙalau. Na yi shekaru a Istanbul, da farko karatu, daga baya tafinta ga 'yan kasuwarmu masu zuwa saro kaya, kuma wannan 'yar kalma mai harafi uku ta taɓa ba ni kunya a gaban mutane.

Amsa a taƙaice: mile a Turkanci mil ce, kamar dai yadda muke faɗa da Hausa. In ta tudu ce suna cewa kara mili, mita 1,609 da ɗan ɗori. In ta teku ce suna cewa deniz mili, mita 1,852. Fassara kalmar ba ta da wuya. Wuyar ita ce sanin mil ɗin wa ake nufi, domin kowace al'umma da ta ari kalmar sai da ta sāke mata tsawo.

Asalinta daga Rumawa ne. A harshen Latin mille passus na nufin taku dubu. Sai dai takunsu ba irin namu ba ne: daga inda ƙafar dama ta tashi zuwa inda ita dai damar ta sake sauka, shi ne taku ɗaya, wato biyu a lissafinmu. Sun ƙiyasta shi ƙafa biyar, saboda haka mil ɗinsu ƙafa 5,000 ce, kimanin mita 1,480. Da tafiya ta yi tafiya aka yar da passus, aka riƙe mille. Ka ga ke nan asalin ma'anar kalmar "dubu" ne kawai, kuma 'yar'uwar miliyan ce da milimita, uwarsu ɗaya. Rumawa sun riƙa kafa dutse a kowace mil a bakin hanyoyinsu, kuma a shekara ta 20 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Agustas ya kafa wani ginshiƙi a tsakiyar birnin Rum a matsayin cibiyar hanyoyin daular.

In Allah ya kai ka Istanbul, ka sauka daga jirgin ƙasan cikin gari a Sultanahmet, ka gangara wajen masallacin Ayasofya. A kusurwar titi, dab da tsohuwar ma'ajiyar ruwan nan ta ƙarƙashin ƙasa da suke kira Yerebatan, akwai wani guntun farin dutse a tsaye cikin ɗan rami. Yawancin masu yawon buɗe ido wuce shi suke yi ba su ko waiwaya ba. Shi ne ragowar Milion, ginin da aka yi a ƙarni na 4 lokacin da Sarki Kostantin ya mayar da birnin hedikwatarsa, kuma daga nan ake fara ƙirga nisan garuruwan daular. Na fi shekara ina wuce shi ina jin Turkawa suna cewa Milyon Taşı, na ɗauka wani dutse ne da aka saya miliyan ɗaya. Ashe kalmar da kake nema ta zauna a garin tun kafin Turkawa su shigo shi a 1453.

Turawan Ingila kuwa da suka gaji kalmar sai suka tarar ba ta dace da ma'aunin gonakinsu ba. Manomansu suna da furlong, tsawon kunya guda da shanun huɗa ke ja kafin su juyo, ƙafa 660. Da shi ake auna gona, a kansa ake biyan haraji, taɓa shi rigima ce. Sai aka taɓa mil. A 1593, zamanin Sarauniya Elizabet ta Farko, majalisa ta yi doka cewa mil furlong takwas ce, wato ƙafa 5,280, yadi 1,760. Wannan lambar da ta wahalar da iyayenmu a elemantare daga nan ta fito. A 1959 Amurka da Ingila da wasu ƙasashe masu Ingilishi suka daidaita yadi a kan mita 0.9144, mil ta tsaya cif a mita 1,609.344. Ta teku lissafinta daban ne, ba ta da alaƙa da taku ko gona: an raba digiri ɗaya na faɗin duniya gida sittin, kashi ɗaya shi ne mil ɗin teku, aka tsayar da ita mita 1,852 a wani taro a Monako a 1929. In kuma ka haɗu da mutumin Suwidin ko Norwe ya ce maka garinsu mil biyar ne daga nan, kada ka ce za ka taka, mil ɗinsu kilomita 10 ce.

Abin da ƙamus ba zai gaya maka ba shi ne, Baturke ba ya auna hanya da mil. Sun koma tsarin mita da dokar 1931, kuma ya shiga jikinsu sosai. Mu da muke da Mil Tara a Kano, muke kai tumatir Mile 12 a Legas, muke tsayawa 9th Mile a hanyar Inugu, kalmar ta manne mana a sunayen wurare ko bayan mun koma kilomita. Su ba haka ba ne. Ka ce wa direban tasi wuri kaza mil uku ne, zai dube ka ya ce kaç kilometre, wato kilomita nawa? Har kalmar milestone, wadda Turawa ke nufin muhimmin mataki da ita, su kilometre taşı suke cewa, dutsen kilomita. Mil taşı sai in ana zancen duwatsun Rumawa a gidan tarihi. Abin da Bature ke kira mileage na mota, su kilometre kawai suke cewa, mai sayen tsohuwar mota tambayarsa ta farko ita ce kaç kilometrede.

Inda mil take raye a bakinsu wuri biyu ne. Na farko jirgin sama: makin da kamfani ke tara wa matafiyi, irin na Miles&Smiles na kamfanin jirgin saman Turkiyya, mil suke kiransa, za ka ji mil biriktirmek, tara mil, ko mil kazanmak, samun mil. Na biyu teku, kuma a nan ba wasa. Mashigin Bosforus kusan mil 17 ne na teku. A labarai kuwa za ka yi ta jin altı mil da on iki mil, mil shida da mil goma sha biyu. A Tekun Ege, tsakaninsu da Girka, kowace ƙasa mil 6 take riƙe da shi a matsayin ruwanta. Yarjejeniyar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba da damar a kai 12, Turkiyya ba ta sa mata hannu ba, domin tsibiran Girka sun cika tekun, wasu ana hango su daga gaɓar Turkiyya. In kowane tsibiri ya ja mil 12, jiragen Turkiyya kusan sai sun ratsa ruwan Girka kafin su fita. A watan Yunin 1995 majalisar Turkiyya ta bayyana cewa in Girka ta yi hakan a Ege, dalilin yaƙi ne. Don haka in ka ga mil a jaridar Turkiyya ba tare da an fayyace ba, kusan kullum ta teku ce.

Yanzu ƙarfen da ya ruɗa ka. Wata rana na raka wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota zuwa sanayi, unguwar makanikai da masu walda. Yana son a duba masa wani tsohon inji kafin ya biya. Usta, wato babban makanikin, ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce mil eğilmiş. Ni kuwa da zaƙewa na ce, "Alhaji, cewa ya yi injin ya ci mil da yawa." Alhaji ya ce ai ba komai, tsohon inji dole ya yi tafiya, a yi ciniki. Allah ya sa ustan ya lura da yadda muka saki fuska, ya je ya ɗauko wani sandan ƙarfe ya ajiye a gabanmu, ya nuna da hannu cewa ya lanƙwashe. Ashe mil a wurinsu shi ne sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin inji. Krank mili shi ne abin da makanikanmu ke kira karanshaf, eksantrik mili kuma wanda ke buɗe bawul. Alhaji bai ce mini komai ba sai da muka shiga mota, ya ce, "Malam tafinta, saura ƙiris ka saya mini wahala da kuɗina."

Wannan mil ɗin ba 'yar'uwar ta Rumawa ba ce, kama ce kawai ta suna. Daga Larabci ta zo, inda mīl ke nufin siririn tsinken sa kwalli ko na likita. Daga nan suka samu wata magana mai ban tsoro, gözüne mil çekmek, a ja wa mutum mil a ido, wato a makantar da shi da ƙarfe mai zafi, horon da sarakunan dā ke yi wa wanda suke tsoron zai ƙwace musu gado. Jarumin tatsuniyarsu Köroğlu, ma'anar sunansa ɗan makaho, saboda haka aka yi wa ubansa a labarin. Mil ta uku kuma ita ce lallausar lakar da ambaliya ke bari in ruwa ya janye. Wannan sai a bakin manoma da injiniyoyin dam.

Akwai wani tarko na nahawu da ya kamata ka sani, tunda ɗalibi ne kai. In ka ga mile a tsakiyar jimlar Turkanci, ba Ingilishi ba ne ya kutso. Mil ce aka liƙa mata ɗafin -e mai nufin "zuwa ga": kilometreyi mile çevirmek, mayar da kilomita zuwa mil, kuma mi-le ake furtawa. Bayan lamba ba a jam'inta ta, on mil, mil goma, ake cewa, ba on miller ba. Kada kuma ka haɗa ta da millî, wadda ke nufin na ƙasa, ita daga milla ta Larabci take.

Sai ma'anonin da ba na awo ba, waɗanda Ingilishi ya cika da su. A nan ne masu fassara ke faɗuwa, domin Baturke ba ya sa mil a irin waɗannan wurare. In Bature ya ce abu kaza miles better, Baturke zai ce kat kat daha iyi, ya fi shi ninkin ba ninkin, ko ya ɗauko tsohon ma'auninsu ya ce fersah fersah. In an ce mutum miles away yake alhali yana zaune a gabanka, su dalıp gitmiş suke cewa, ya nutse cikin tunani. Go the extra mile, wadda asalinta daga Linjilar Matta take, a Turkanci elinden gelenin fazlasını yapmak ce, mutum ya yi fiye da abin da ake tsammani daga gare shi. Millerce uzakta, wato nisan mil da yawa, akwai ta, amma ga kunnena ƙamshin fassarar fim take yi; kilometrelerce uzakta ya fi zama a baki.

Wannan fersah ɗin ka san ta, ko da ba ka gane ta ba. Ita ce farsakh ta littattafan fiƙihu, daga Farisanci, mil uku. Farsakh huɗu barīd ɗaya. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya haddace cewa tafiyar ƙasaru barīd huɗu ce, mil 48. Ka ga malamanmu sun san mil a littafi tun kafin Bature ya kafa dutse a hanyar Katsina, domin Larabawa ma daga Rumawa suka are ta. Amma mil ɗin Risala ba ta Sarauniya Elizabet ba ce, ta fi ta tsawo. Wanda ya buga 48 da ta Ingila zai samu kilomita 77; malamai da yawa na yanzu suna kai ta 80 da ɗoriya. Turkawa kuwa Hanafawa ne, a wurinsu tafiyar kwana uku ce, hukumar addininsu ta Diyanet tana ƙiyasta ta kilomita 90. Mun taɓa fita da wani abokina Baturke, agogon mota ya nuna mun yi tamanin da biyar, azahar ta yi, na yi raka'a biyu, shi ya cika huɗu. Muka yi ta musu a kan shayi har ya huce, kowa da littafinsa, babu wanda ya kayar da wani.

Game da aikin da ke gabanka: in labari ne ko waƙa, ka bar ta mil, ka bar wa marubucin ƙamshin ƙasarsa. In takardar aiki ce da Baturke zai yi amfani da ita, ka mayar da lambar kilomita, ka ninka da takwas ka raba da biyar, mil 60 ta zama kusan kilomita 96. In mil ɗin teku ake nufi, kamar yadda aka saba a zancen tuƙin jirgin ruwa ko na sama, ka rubuta deniz mili, kada ka taɓa lambar. Ka turo jimlar da kanta da wadda ke gabanta, in duba maka bayan isha'i in sha Allah.